Yadda Za Ka Mayar da Tsohuwar Kwamfuta Rediyon Gida

Kwamfutar da ta tsufa har take numfashi sama-sama kafin ta buɗe shafin intanet guda, ba ta gama amfani ba. Fitar da sauti aiki ne mara nauyi ƙwarai a wurinta. Laftof mai shekara goma, ko da batirinsa ya fara gajiya kuma allonsa ya tsage a gefe, zai iya kamo maka tashar Kano kana zaune a zangon Kumasi ko a Jidda, ya riƙe maka dubban waƙoƙi da karatu, kuma ka riƙa juya shi da wayarka kana kishingiɗe a tsakar gida. Tashar FM ba ta nisa daga garin da take, gajeren zango kuma yana zuwa da shuu da dusashewa. Ta intanet babu ko ɗaya daga cikin biyun, sai dai akwai nata kuɗin da nata halin, kuma su za mu fara dubawa.

Kayan aikin ba su da yawa: kwamfutar, hanyar intanet ko da hosfot ɗin waya ne, sifika kowace iri, da manhaja guda mai suna VLC. Akwai wasu manhajojin, irin su foobar2000 da AIMP da MusicBee, kuma kowacce tana da masoyanta. Na tsaya a kan VLC ne saboda kyauta ce, ba ta da talla, tana aiki har a kan Windows 7 da Linux, kuma ta haɗa rediyo da waƙa da naɗa da rimot wuri ɗaya. Ɗalibai ne suka faro ta a makarantar École Centrale ta birnin Paris a 1996, aka sake ta ga kowa a 2001. Ka sauke ta daga videolan.org kawai. Shafukan da ke cewa su ma suna bayar da ita sukan cusa mata tarkacen da ba ka nema ba.

Lissafin data tukuna

Kowace tasha tana turo sautinta da wani nauyi da ake aunawa da kbps. Lissafin mai sauƙi ne. Tasha mai 128 kbps tana cin kusan megabait 58 a awa ɗaya. Mai 64 tana cin kusan 29, mai 32 kuma kusan 14. Ke nan gigabait ɗaya zai ba ka kimanin awa 17 a kan 128, ko awa 35 a kan 64. Idan labarai ne ko tafsiri ko muhawarar siyasa, 32 zuwa 64 ya wadatar, kunnenka ba zai rasa komai ba. Kiɗa ne yake son 96 zuwa sama. Duk tashar da ta ba da zaɓi biyu, ka ɗauki ƙaramin don magana.

Abin da ke cinye wa mutane data ba rediyon ba ne, hanyar da suke bi ce. Wanda ya buɗe shirin kai tsaye a Facebook ko YouTube don ya ji murya kawai, yana biyan kuɗin hoton da ba ya kallo, kuma hoton ya ninka sautin nauyi sau da yawa. Wanda ya buɗe shafin tashar a burauza ya bar shi, tallace-tallace suna ta lodi a bayan fage. Sai kuma ita Windows ɗin kanta, wadda da ta ga intanet take fara sauke sabunte-sabuntenta ba sallama. Maganin wannan: ka shiga Settings, ka je wurin Wi-Fi, ka danna sunan hosfot ɗinka, ka kunna Metered connection. Daga nan za ta san datar a ƙirge take, ta rage zari.

Nemo adireshin tasha

Wannan ne ginshiƙin aikin duka. Maɓallin kunnawa da kake gani a shafin gidan rediyo ado ne kawai. A bayansa akwai wani adireshi wanda sautin yake kwararowa ta cikinsa, kuma idan ka same shi ba ka sake bukatar shafin. Irin waɗannan adireshi sukan ƙare da .mp3 ko .aac ko .pls ko .m3u8, wasu kuma da kalmar stream ko da lambobi bayan ɗigo biyu, kamar :8000. Mafi yawansu suna fitowa ne daga manhajojin watsawa biyu da suka daɗe a fagen, Shoutcast da Icecast, ko daga kamfanonin da ke ɗauke wa ƙananan tashoshi wannan nauyin, irin su Zeno.

Hanya mafi sauƙi ita ce radio-browser.info. Rumbu ne da masu sauraro da kansu suke cikawa. Ka nema da sunan tasha ko ƙasa ko harshe, zai nuna maka adireshin da nauyinsa. Shafin Radio Garden, wanda aka buɗe a ƙasar Holan a 2016, yana da daɗin yawo: duniya ce a zagaye da koren ɗigo a kan garuruwa, ka murza zuwa Kaduna ko Yamai ko Akara ka ji abin da ke tafiya. Yana da kyau wajen gano sabuwar tasha, amma don sauraron kullum gara adireshi a hannu.

Idan tashar ba ta cikin rumbun, ka tono adireshin da kanka. Ka buɗe shafinta a Chrome ko Firefox, ka danna F12. Wani fili zai buɗe a gefe cike da rubutu. Kada ya tsorata ka. Ka zaɓi Network, a ƙarƙashinsa ka zaɓi Media, sannan ka danna maɓallin kunna rediyon a shafin. Layi zai bayyana wanda bai gama lodi ba kuma ba zai gama ba, domin sauti ne mai gudana. Ka danna shi da maɓallin dama na linzami, ka kwafi adireshin. In ba ka ga komai a Media ba, ka koma All ka rubuta m3u8 a akwatin tacewa. Sai ka buɗe VLC, ka danna Ctrl da N tare, ka manna adireshin, ka danna Play. Cikin 'yan sakan za ka ji murya. Domin ka san nauyinta, ka danna Ctrl da J ka duba bayanin, ko ka leƙa Statistics inda ake nuna abin da ke shigowa.

Wasu adireshin suna da doguwar wutsiya ta haruffa da lambobi bayan alamar tambaya. Wannan sau da yawa izini ne na ɗan lokaci, gobe ba zai yi aiki ba. Ka gwada yanke wutsiyar daga alamar tambayar. Sau tari gundarin adireshin yana aiki shi kaɗai. In ya ƙi, wannan tashar ta fi son ka bi ta shafinta, sai ka haƙura da burauza a kanta.

Kada ka yi wannan wahalar sau biyu. Ka buɗe Notepad ka rubuta tashoshinka a wannan tsarin:

#EXTM3U
#EXTINF:-1,Labarai
adireshin tasha ta farko
#EXTINF:-1,Karatu da tafsiri
adireshin tasha ta biyu
#EXTINF:-1,Kiɗan gargajiya
adireshin tasha ta uku

Wajen adanawa ka zaɓi All files, ka sa masa suna rediyo.m3u8, ka ajiye shi a fuskar kwamfuta. Wannan 8 ɗin na ƙarshe shi ke sa ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai a sunayen. Daga yau danna fayil ɗin sau biyu ya isa: tasha ta farko za ta kama, harafin N ya kai ka ta gaba, P ya dawo da kai baya. Ka tura kwafinsa cikin wayarka ko filashi, saboda ranar da kwamfutar za ta buƙaci a wanke ta. Tashoshi sukan canza adireshi ba sanarwa, don haka in wata ta yi shiru kwana da kwanaki, ka sake tono sabon ka maye gurbin layin.

Sassan Hausa na gidajen rediyon ƙetare halinsu daban. BBC ta fara Hausa a 1957, DW a 1963, RFI a 2007, kuma babu wanda yake magana da Hausa awa 24. Shirye-shirye ne masu lokaci, na safe da na rana da na yamma. Ga irin waɗannan, sauraron shirin da aka ajiye bayan an gama ya fi sauƙi a kan farautar lokacin. VLC tana da wurin Podcasts a gefen hagu na jerin waƙoƙi. Ka danna alamar ƙari ka manna adireshin shirin, sababbin za su riƙa jeruwa da kansu. Tashoshin gida kuwa, irin Freedom Radio da ta fara a Kano a 2003, yini suke yi suna magana, su ne suka dace da fayil ɗin rediyo.m3u8.

Tsinkewa da jinkiri

Idan sabis yana rawa, sauti zai riƙa yankewa. VLC takan tara sakan ɗaya ne kacal kafin ta fara sakin murya, kuma wannan bai ishi netwok ɗinmu ba. A akwatin da ka manna adireshi akwai Show more options. Ka buɗe, ka mayar da Caching daga 1000 zuwa 10000, wato sakan goma. Za ka ɗan jira kafin tasha ta kama, amma ƙananan ɗaukewar sabis za su wuce ba ka ji ba. Don ya zauna dindindin, ka canza Network caching a cikin Preferences, sashen Input / Codecs, bayan ka zaɓi All a ƙasa. Ka kuma kunna maɓallin maimaitawa a kan abu ɗaya, ta yadda in tashar ta yanke gaba ɗaya, VLC za ta sake kamo ta maimakon ta tsallaka zuwa ta gaba.

Amma ka sani cewa rediyon intanet a bayan na iska yake, da 'yan sakan, wani lokaci har minti guda, ga kuma goman da ka ƙara. A sharhin ƙwallo, maƙwabcinka mai ƙaramar rediyo zai yi ihun an ci kafin ɗan wasanka ya karɓi ƙwallon. Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne azumi: kada ka ɗora sahur ko buɗe-baki a kan kiran sallar da ka ji ta intanet. Ban da jinkirin, tashar tana bin lokacin garinta ne, kuma tsakanin Maiduguri da Sakkwato akwai tazarar kusan rabin awa a faɗuwar rana. Ladanin unguwarku shi ne abin bi. Haka in za ka buga waya cikin shiri, ka kashe sautin kwamfutar gaba ɗaya ka saurara ta wayar, in ba haka ba za ka riƙa amsa tambayar da mai gabatarwa ya riga ya wuce.

Fitar da sauti

Sifikar laftof ba ta cika ɗaki. Waya mai kai irin na iyafis, a soka ɗaya a kwamfuta ɗaya a ramin AUX na 'yar MP ko tsohuwar rediyo mai kaset, ita ce hanya mafi arha kuma mafi aminci. Manyan na'urori masu rami ja da fari suna son waya mai kai biyu a ɗaya ɓangaren. Bluetooth yana raba ka da waya, amma iyakarsa kusan mita goma ce, kuma bango yana rage ta.

Akwai wani zuuu da ke fitowa da zarar an jona caja, ya ɓace in an cire. Ba sifikar ba ce ta lalace. Wutar ce take bi ta wayar sautin, musamman da caja mara kyau ko a kan janareta da inbata. Ka fara gwada jona kwamfutar da sifikar a soket ɗaya. In bai tafi ba, ka koma Bluetooth, ko ka sayi ɗan abin da ake sawa a tsakiyar wayar mai suna ground loop isolator, ko ƙaramin katin sauti na USB.

Game da ƙara: VLC tana barin a wuce 100, kuma wucewar ce ke sa murya ta fashe, sifika ƙarama kuma ta mutu da wuri. Ka bar VLC a 100, kwamfuta a wajen 80, ka riƙa ƙarawa da ragewa a jikin sifikar. Ka kashe ƙararrawar saƙonni ta Windows, don ba daɗi ana tsakiyar karatu a ji ƙarar shigowar saƙo ta cika gida. Sannan ka shiga Power Options a Control Panel, wurin da ake zaɓar abin da rufe murfi zai yi, ka sa Do nothing. Yanzu za ka iya rufe laftof ɗin ka ɗora shi a kan kanta yana ta aiki, ƙura ba ta shiga maɓallai, batir kuma ya fi jimawa tunda allo a kashe yake. Ka dai bar masa hanyar shan iska. Kada a ɗora shi a kan katifa.

Gyara rumbun waƙoƙi

A nan ne mafi yawanmu muke da aiki. Waƙoƙin da ke kwamfutocinmu sun taru ne daga wurin masu turi a kasuwa, daga WhatsApp, daga memorin abokai, har suka zama kamar buhun da aka zuba gero da dawa da wake wuri guda. Ga fayil mai suna AUD-20230514-WA0007, ga Track 03 har guda tara, ga waƙa ɗaya sau huɗu da suna huɗu, ga wadda aka cika sunanta da adireshin shafin da aka sauko da ita. Babu rimot ɗin da zai yi maka amfani a kan irin wannan, domin ba ka san abin da za ka nema ba.

Kafin komai, duk memori ko filashin da ya je wurin mai turi, a bincike shi da manhajar kashe bairos kafin a buɗe. In ka ga foldojinka sun koma masu 'yar kibiya a kusurwa, kada ka danna ko ɗaya. Bairos ɗin da ke ɓoye fayiloli ne ya maye gurbinsu da na bogi, kuma dannawar ce ke shigar da shi kwamfuta. Waƙa ba ta ƙarewa da .exe ko .lnk ko .vbs.

Sai ka yi manyan foldoji kaɗan, ba da yawa ba: Karatu, Wa'azi, Gargajiya, Zamani, Yara. Raba karatu da kiɗa ba tsari ne kawai ba; ranar da ka kunna zaɓin gauraye, ba ka so sura ta biyo bayan waƙar biki. A cikin kowacce, folda ga kowane mai murya: Mamman Shata, Musa Ɗanƙwairo, Ɗan Maraya Jos, Barmani Choge a ɗaya, su Nura M. Inuwa da Ali Jita da Hamisu Breaker a ɗaya. Surori kuwa ka sa musu lamba mai gida uku a gaba, 001 har 114. In ka rubuta 1, 2, 10, wasu na'urorin za su kawo 10 kafin 2. Haka tafsirin azumi: shekara, sannan rana, kamar 2019-01, 2019-02.

Sunan da ke bayyana a allo ba kullum ne sunan fayil ba. A cikin kowane MP3 akwai ɓoyayyen wurin rubuta sunan waƙa da mawaƙi da kundi, kuma shi manhajoji suke karantawa. Manhajar Mp3tag, ita ma kyauta, tana barin ka zaɓi waƙa hamsin lokaci ɗaya ka rubuta musu sunan mawaƙi sau ɗaya, ka kuma umarce ta ta mayar da sunayen fayilolin su bi wannan bayanin. Shawarata a kan haruffa masu lanƙwasa: ka rubuta su daidai a cikin bayanin, Ɗanƙwairo da ɗ da ƙ ɗinsa, amma a sunan fayil da folda ka bar su da haruffan boko na gama-gari. Rediyon mota da ƙananan MP da yawa ba su san su ba, sai su nuna akwati ko alamar tambaya. Kuma duk salon da ka ɗauka ka tsaya a kansa, don mai neman Dankwairo ba zai ga Ɗanƙwairo ba.

Saura bambancin ƙara. Waƙar Shata da aka kwafo daga kaset tana fita a hankali, ka ƙara murya, sai ta zamani ta biyo ta girgiza tagogi. Manhajar MP3Gain tana auna fayiloli ta daidaita su a mataki ɗaya ba tare da ta rage ingancinsu ba. Ka bar ta a 89 da ta zo da shi, ka sake mata folda ta yi aikinta. Ga shuu ɗin tsohon kaset, ka danna Ctrl da E a VLC, ka kunna Equalizer, ka sassauke sandunan da ke can dama kaɗan. Kada ka sauke su ƙasa duka, za ka tafi da kaifin kalangu da kuntigi tare da shuu ɗin. Wurin ajiya ba matsala ba ne: waƙar minti biyar a 128 ba ta kai megabait biyar ba, dubu ɗaya kusan gigabait biyar ke nan.

Juya ta daga nesa

A gaban kwamfutar, maɓallai kaɗan sun ishe ka. Dogon maɓallin tazara yana tsayarwa ya ci gaba, N da P ka san su, S tsayawa ce gaba ɗaya, M ɗauke murya, Ctrl da kibiyar sama ko ƙasa ƙarawa da ragewa. Ctrl da F yana buɗe folda sukutum. Waɗannan suna aiki ne in VLC ce a gaba. In kana rubutu a wata manhajar, ka shiga Hotkeys a Preferences, a layin Global ka ba tsayarwa da tsallakewa maɓallan da ba ka amfani da su, ka rufe VLC ka sake buɗewa.

Masu hadda da masu koyon harshe su lura da wannan. A View akwai Advanced Controls. Kunna shi yana fito da maɓallai huɗu, ɗaya mai alamar A da B. Ka danna shi a farkon aya, ka sake dannawa a ƙarshenta, za ta yi ta maimaituwa har sai ka danna na uku. Maɓallan baka mai kusurwa, na kusa da harafin P, suna rage sauri ko su ƙara ba tare da murya ta canza ba, alamar daidai kuma ta mayar da shi yadda yake. Yaro zai iya zama da aya ɗaya ta karatun Husari a hankali har ta zauna, ba mai tashi yana mayar masa baya.

Mayar da waya rimot yana da matakai, amma sau ɗaya ake yinsu. A Preferences ka zaɓi All a ƙasan hagu. Ka danna Main interfaces da ke ƙarƙashin Interface, ka sa alama a Web. Ka buɗe reshensa ka shiga Lua, a wurin Lua HTTP ka rubuta kalmar sirri. Ka adana, ka rufe VLC, ka sake buɗewa. Windows za ta tambaya ko ta bar ta ta yi magana da wasu na'urori. Ka amince a kan Private. Yanzu ka nemo lambar kwamfutar: ka danna maɓallin Windows da R, ka rubuta cmd, a baƙin allon ka rubuta ipconfig. Layin IPv4 Address zai nuna lamba irin 192.168.0.105. A burauzar wayarka ka rubuta wannan lambar, ɗigo biyu, 8080. Za a nemi suna da kalmar sirri: ka bar gurbin suna fayau, ka cika na sirrin kawai. A nan mutane da yawa suke maƙalewa, suna ta gwada sunaye. Shafi zai buɗe da maɓallan kunnawa da ƙara da jerin waƙoƙi, har da hanyar leƙa foldojin kwamfutar. Shafin ba shi da kyan gani a ƙaramin allo, shi ya sa akwai manhajojin rimot na VLC a Play Store da ke amfani da lambar nan da kalmar sirrin nan.

Sharaɗin shi ne waya da kwamfuta su kasance a kan Wi-Fi ɗaya. Umarnin ba ya fita intanet, don haka ba ya cin data. Ko datarka ta ƙare, muddin rauta ko hosfot a kunne yake, za ka juya waƙoƙin da ke cikin kwamfuta. In jiya ya yi yau ya ƙi, kusan kullum lambar ce ta canza bayan an ɗauke wuta. Ka sake duba ipconfig, ko ka shiga rautar ka kafe wa kwamfutar lamba ɗaya. In bai taɓa yi ba, ka duba ko Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗin gidan a matsayin Public, ka mayar Private. Kuma duk wanda ka ba kalmar sirrin ya samu iko daidai da naka, har ya ga sunayen fayilolinka, don haka a gidan haya mai rauta ɗaya ka yi tunani kafin ka raba.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ya sayi ƙaramin kibod mara waya mai ɗan kan USB. Ya soka, shi ke nan, maɓallan da na lissafa za su yi aiki daga kan tabarma. Ga dattijo ko mai raunin gani wannan ya fi wayar ma, domin yatsa yana gane dogon maɓalli ba sai an duba ba. Masu Linux kuma su nemi KDE Connect, wadda ban da juya waƙa takan tsayar da ita da kanta in kira ya shigo wayarka.

Naɗa da sa lokaci

Jan maɓallin da ke cikin Advanced Controls na naɗa ne. Ka danna a farkon shiri, ka sake dannawa a ƙarshe, fayil ɗin zai sauka a foldar Music in ba ka canza masa wuri ba. Ba ya ƙara cin data, domin abin da ke shigowa ne yake ajiyewa. Ka sake masa suna nan take da ranar da sunan shirin. Naɗin na amfanin gida ne. Shirin da waƙar suna da masu su, ba kayan turawa a kasuwa ba ne.

Don ta tashe ka da labarai, ka buɗe Task Scheduler, ka zaɓi Create Basic Task, kullum, ƙarfe kaza, Start a program, ka nuna masa vlc.exe, a gurbin arguments ka rubuta inda fayil ɗin rediyonka yake. Bayan ka gama ka buɗe aikin ka shiga Conditions: ka sa alama a Wake the computer, ka cire alamar da ke cewa sai in tana kan wutar soket. In ka manta wannan ta biyun, duk asubar da ba wuta rediyon ba zai tashi ba. Kwamfutar a barci za ka bar ta, ba a kashe ba. Da dare kuma, Windows da R, ka rubuta shutdown /s /t 3600, za ta kashe kanta bayan awa ɗaya. Shutdown /a yana soke umarnin.

Ranar da ba data

Kwamfuta tana iya kama rediyon iska na gaske in an saya mata wani ɗan abu mai kama da filashi da ake kira RTL-SDR. Asalinsa na kama talabijin ne, mai guntun RTL2832U a cikinsa, masu ƙwaƙwa suka gano yana jin zango mai faɗi, daga wajen megahaz 24 har sama da 1,700. Tashoshin FM, da ke tsakanin 87.5 da 108, suna ciki. A Windows sai an sa masa direba da manhajar Zadig, sannan a buɗe SDR# ko SDR++, a zaɓi WFM, a rubuta lambar tasha. Za ka ga tashoshin garin a allo tsaitsaye, kowacce da tudunta, ka danna wadda kake so. Eriya mai tsawon santimita 75 a bakin taga ta dace da FM.

Gajeren zango yana ƙasa da inda na gama-garin yake farawa, sai samfurin da aka yi domin hakan, kamar V3 da V4 na RTL-SDR Blog, tare da doguwar waya a waje, a zaɓi AM. A nan gaskiya ƙaramar rediyo mai batir takan fi shi, domin kwamfutar da cajarta da inbata duk suna fitar da hayaniyar da ke danne gajeren zango. In ka nace, ka cire caja ka yi aiki da batir, ka sa wayar USB mai tsawo don na'urar ta yi nisa da kwamfutar, ka kuma fitar da eriyar nesa da wayoyin wutar gidan da fitilun LED.